Hannu a Aljihu

Tun da aka ɗaura wa likitoci masu neman ƙwarewa awarwaro, suka koyi tafiya da hannu a aljihu. Awarwaron yana rubuta duk majinyacin da likita ya taɓa. In majinyacin ya mutu, makin likita ya ragu.

Ranar da za a yanke hukunci kan ko Dakta Nafi'u ya ƙware, Talatu mai ƙosai ta shigo asibiti da mijinta Ilu, numfashinsa yana sarƙewa.

"Likita, ka taimaka! Duba shi mana!"

Nafi'u ya leƙa fuskar Ilu, ya san da wuya ya tashi.

"Inna, kwantar da shi. Ɗora hannuwanki a tsakiyar ƙirjinsa, ki danna da ƙarfi."

"Ni? Ni ce likitan? Ƙosai nake soyawa! Kai naka hannuwan na ado ne?"

"Danna, Inna. Ƙara ƙarfi."

Ta yi ta dannawa tana kuka tana tsine masa. Shi kuwa yana tsaye yana gyara mata, daidai yadda aka koya masa, hannuwansa suna cikin aljihu. Ilu ya cika kafin azahar.

Da la'asar awarwaron ya yi kore. Nafi'u ya zama ƙwararre, ba wanda ya taɓa mutuwa a hannunsa.

Talatu tana zaune a baranda sai nas ta zo tambayar wanda ya taɓa mamacin na ƙarshe, don a rubuta.

Talatu ta miƙa mata tafukanta.

"Rubuta Talatu. A hannuna ya mutu. Na likitanku tsaf suke."