Yoyon Taraktar Baba

"Mayar da tsohuwar robar," in ji Mama, tana tsaye a kaina da muciyar tuwon ugali a hannu.

Ina kwance ƙarƙashin taraktar Baba, man giya har gwiwar hannuna. Tun daga birnin Mbeya na taso da sabuwar roba don in toshe yoyon nan kafin ruwa ya sauka.

"Mama, ni fa bakanikiya ce. Idan mai ya tsiyaye, giya ta ƙone, da me za ku yi huɗa?"

"Ji ta da kanikancin birni! Wa kike zaton yake ƙara man kowace safiya?"

Baba yana gindin mangwaro, yana yi mini murmushin da ake yi wa baƙuwa. Ya manta sunana, bai manta tuƙi ba.

Mama ta ja ni bakin ƙofa. Ɗigon mai ya jeru a jar ƙasa, ya miƙe har bayan gonakin masara.

"Kullum sai ya fita da taraktar, hanyar gida ta ɓace masa," ta ce a hankali. "Wannan nake bi in dawo da mijina."

Na koma gindin taraktar, na durƙusa ina laluben tsohuwar robar.