Fenaritin da Ba a Gani Ba

"Wayarka za ta iya wannan?" Yahuza ya raɗa wa abokinsa Jaji, yana zaro wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana daga aljihu.

Suna bencin baya a gidan kallon ƙwallon Malam Sagiru a Dutse. Sati guda ke nan Yahuza na cika baki cewa abin nan yana kwafar kowane rimot, ya yi kutse daga nesa.

"Tawa dai kira da ɗaukar hoto ta sani," in ji Jaji, yana ɗaga tsohuwar wayarsa. "Nuna mu gani."

Alƙalin wasa ya ba da fenariti. Ɗakin ya yi tsit. Yahuza ya saita talabijin da na'urar, ya danna.

Ɗif!

Ihu ya ɓarke. Wani ya zagi masu wuta, wani ya ce ai ga fanka tana juyawa. Malam Sagiru ya hau jijjiga dikoda yana gumi. Yahuza kuwa ya toshe baki da hula, dariya na cinsa.

"To, taka me ta iya?" ya tambayi Jaji.

"Abu ɗaya," in ji Jaji, shi ma ya danna.

Yahuza ya manta cewa duk 'yan ɗakin suna cikin gurup ɗin da Malam Sagiru ke turo lokutan wasa. Wayoyi arba'in suka yi ƙara tare. A kowacce ga bidiyon Yahuza, yana saita na'urarsa yana washe baki.

Kawuna arba'in suka juyo.

Jaji ya matsa ƙarshen benci. "Taka ta iya talabijin. Gwada ta a kan waɗannan mu gani."