Gayya Ba Ganga

"Ku kunka kori Ɗangoggo."

Tsohuwa Dela ta tsaya ƙofar maigari tana nuna dattawan Birnin Lalle da sanda. Tun da makaɗin ya rataya gangarsa ya koma Kornaka, samari suka daina fita gayya. Ciyawa ta shaƙe hatsinta, ga shi ba mai nome mata.

"Rawa kun iya, kyauta ta gagare ku."

Maigari ya ce, "Inna, damman hatsi mun ba shi, akuya mun ba shi. Mata ya nema, a gida guda. Ke kinka ce jikarki Shafa'atu ba ta auren maroƙi."

Dela ta buga sanda ƙasa.

"Ni kaɗai ke da ɗiya garin ga? Wanda duk ya taka rawarsa ya tashi ya ba ni amsa."