Bindigar da Ta Cije a Darra

"Harsashi na farko yana tashi lafiya, na biyu ne ke maƙalewa," in ji Zmarak, yana ɗora tsohuwar bindigar farautar mahaifinsa a gaban Gul Marjan, tsohon maƙerin bindigogi na kasuwar Darra. "Haka ta cije masa ranar da mutanen abokin gabarsa Sherdil suka kashe shi. Gyara min ita, Baba. Da ita zan rama."

Tsohon ya zuba masa shayi, ya ɗauki bindigar, bai ko duba cikinta ba. Ya zare gidan harsashin, ya miƙe bakinsa da awartaki, ya cika shi, ya mayar, ya ja sakatar bindigar sau biyu. Harsashi na biyu ya hau sumul.

Zmarak ya yi mamaki. "Yaya aka yi ka san inda ciwon yake?"

"Ni na lanƙwasa bakin gidan harsashin da hannuna, lokacin da ubanka ya kawo ta wanki. Tun kafin nan da ita ya harbe ɗana Spin Gul saboda ruwan gona."

Bakin bindigar ya juyo a hankali, ya tsaya saitin ƙirjin Zmarak.

"Zauna ka shanye shayinka," in ji tsohon. "Kai kaɗai ya haifa, ko?"