Wanda Ya Danna Ya Miƙe

"Wani sakarai ya buɗe wa ɓarawo ƙofa!" in ji Injiniya, mai kula da kwamfutocin ofis, yana dukan tebur.

Ya jona kwamfutarsa da allon bango, ya ba allon baya, ya fuskanci ma'aikata. Ya ce an gano ɓaraka a akwatin bincike, inda ake rubuta sunan fayil a nemo shi. Kana danna saƙon tarko, sai wani daga nesa ya karɓe ragamar kwamfutarka.

"Bakina har ya gaji da gargaɗi. Wanda ya danna ya miƙe tsaye!"

Kowa ya lafe a kujerarsa. Injiniya ya ji kansa ya ƙara girma. Ba banza ba jiya saƙo ya shigo masa, wai shi ne gwarzon ma'aikata na bana. Ya danna, ya sake dannawa, takardar yabon ce dai ta ƙi buɗewa.

"Injiniya," in ji sakatariya a hankali, "ɗan waiga."

A allon bango, haruffa na fitowa da kansu cikin akwatin bincike:

"Ai ga shi nan a tsaye. Barka, gwarzo."