Tsirkiya Zalla

A karo na bakwai wani malamin makaranta ya kashe sabuwar rikodarsa, ya ja tsaki. Da mahaifinsa ya kama jita, sai makirfo ya kwaso kukan jirgin ƙasa da dakan maƙwabta da hayaniyar unguwar Bagadaza.

"Baba, wannan ai kasuwa ce, ba kiɗa ba!"

Tsohon ya murmusa. "To ɗana, garin za ka kora?"

Haushi ya kai malamin har Kano, ya sayo wani ɗan ƙarfe da ake maƙala wa jita, wanda ba ya jin komai sai tsirkiya. Ya jefa makirfo a akwati, ya rufe kunnuwansa da abin sauraro. Kiɗa ya fito tas a kaset.

Kafin damina ta ƙare tsohon ya rasu.

Bayan makoki malamin ya kunna wa mahaifiyarsa kaset ɗin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗago kai.

"Ina muryarsa? Ai ran nan waƙa yake yi mini ƙasa-ƙasa, yana kiran sunana."

Ya mayar da kaset baya, ya ƙure sauti. Tsirkiya ce zalla.