Sunan Da Edita Ya Goge

Amatullahi ta buga sabuwar mujallar Fartanya a kan teburin Mubashir, editan da duk Talata Mafara ta sani da ra'ayin gurguzu. Shekara goma sha biyu yana rubutu don talaka, har gidan yari ya taɓa kwana a kan haka. Yau kuwa ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

"Malam Mubashir, ina sunan Baba?"

Ita da ƙafarta ta bi manoman Ruwan Gizo gida-gida, ta rubuto yadda mahaifinta, Alhaji Ɗanbaba, ya ƙwace musu fadama. Amma da mujallar ta fito, "wani attajiri" kawai ta gani a shafin.

Mubashir ya yi ta juya jan biron da ke hannunsa. "Amatullahi, jibi magabatana za su tai neman aurenki. In na sa sunanai, ko zaure ba a barin su shiga."

"Ashe da ni anka saye ka!" Ta dangwala yatsa a kan shafin. "Tsohuwar da ta riƙe hannuna tana kuka a Ruwan Gizo, mi zan ce mata? Ubana ne, na hi ka jin zahin abin, amma ban ɓoye shi ba."

"Wallahi don ke na yi."

Ta dube shi, idonta ya kaɗa ya yi jawur. Sannan ta gyara mayafinta ta nufi ƙofa.

"Ka ce wa magabatanka su yi zamansu. Tunda ka iya goge suna, Malam, goge nawa."